“An” Goma Sha Ɗaya a Takardar Alamin

Zuwa ga Baba mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Baba, ka taimake ni. Yau sati biyu ke nan ina juya wata magana a raina, ban faɗa wa kowa ba sai matata, ita kuma ta ba ni amsar da zuciyata ta ƙi karɓa. Na sauya sunayen mutanen da ke cikin labarin. Ka yi haƙuri da tsawonsa, ban iya taƙaita shi ba.

Ni malamin Turanci ne a wata makaranta nan Ƙaura Namoda, shekara ashirin da ɗaya ina riƙe da alli. Tun da aka ba mu jiharmu ta Zamfara shekara shida da suka wuce, akwai abin da ke damuna. Duk lokacin da aka buga sunayen waɗanda suka samu tallafin ƙaro karatu a ƙasar waje, sai in bi jerin da yatsa daga sama har ƙasa. In ga Kano, in ga Katsina, in ga Sakkwato da muka rabu da ita jiya-jiya, namu babu ko ɗaya. Ba ƙwaƙwalwa yaranmu suka rasa ba. Ba su san yadda ake cika fom ba, ba su san wa za su roƙa ya rubuta musu takardar shaida ba, uwa uba kuma ba su iya faɗin abin da suka yi da bakinsu ba.

Ni kaina haka ta faru da ni ina saurayi. An kira ni ganawa a Kaduna, mutum biyar a bayan tebur. Wata Baturiya ta tambaye ni me ya sa nake ganin na fi sauran cancanta. Na sunkuyar da kai na ce ban fi kowa ba, Allah ne mai bayarwa. Suka yi murmushi, suka rubuta wani abu. Na hau jirgin ƙasa na dawo Ƙaura, ga ni nan har yau.

Shi ya sa duk dogon hutu nake tara ɗaliban jami'a 'yan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi a zauren gidana, Asabar da Lahadi da hantsi. Muna duba fom tare, muna gwada ganawa, ni ne kwamiti su ne masu nema. Tsarina shi ne kowa ya fara rubuta bayanin kansa da Hausa, don a nan gaskiyar mutum take fitowa, sannan mu zauna tare mu mayar da shi Turanci.

A cikinsu akwai wanda zan kira Alamin. Bafillace ne, mahaifinsa Labbo makiyayi ne a wajen Dauran. Yana ajin ƙarshe na likitancin dabbobi a Sakkwato, kuma ban taɓa koyar da mai kaifin kai irinsa ba. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ta ba da gurbi uku kacal na digiri na biyu ga duk jihohin nan namu na Arewa maso Yamma, da sharaɗin kada mai nema ya wuce shekara ashirin da takwas. Alamin sai da ya kai goma yana bin shanu kafin a sa shi makaranta. Bana yake cika ashirin da takwas. In ta wuce shi bana, ta wuce ke nan.

A fom ɗin an ce mai nema ya bayyana wani abu da ya taɓa yi wa al'ummarsa. Alamin ya rubuta labarin daminar da ciwon huhu ya shiga shanun yankinsu, yana gida hutu. Takardar tana gabana yanzu, da rubutun hannunsa. Ga kaɗan daga ciki: “An ga shanu suna tari suna tsayawa da wuya a miƙe. An gane ciwon huhu ne. An ware marasa lafiya an kai su hayin fadama. An je Gusau a kan babur an karɓo allura a cikin kula mai ƙanƙara. An shawo kan dattawan da suka ƙi yarda a raba garke. An yi wa shanu wajen ɗari huɗu allura cikin kwana uku.” Haka ya tafi har ƙarshe. Na ƙirga, “an” goma sha ɗaya, babu “na” ko ɗaya.

Na tambaye shi a gaban sauran, wane ne wannan “an” ɗin da ya yi wannan aiki haka. Ya sunkuyar da kai, ya yi ɗan murmushi, yana jan zaren tabarma da yatsa. Bai ce komai ba. Baba, wallahi kaina na gani a Kaduna. Na ce a raina, kunya ce, kuma wannan kunyar ba za ta cinye yaron nan ba kamar yadda ta cinye ni.

Sai lokaci ya ƙure. Jarrabawa ta taso masa a Sakkwato saura kwana huɗu a rufe karɓar fom. Na ce ya sa hannu a shafin ƙarshe ya tafi, ni zan ƙarasa fassarar. Ya sa hannu ya tafi. Na zauna ni kaɗai na mayar da labarin Turanci, duk inda ya ce “an” na sa “ni”. Ni na gane cutar, ni na ware shanun, ni na hau babur zuwa Gusau. Na kai shagon buga takardu da ke bayan kasuwar hatsi aka buga, na aika. Shi bai ga abin da aka aika ba har yau.

Wata uku bayan haka wasiƙa ta zo. Cikin ɗaruruwan da suka nema an zaɓi goma sha biyu da za a gana da su a Abuja, Alamin yana ciki. Shi kaɗai ne ɗan Zamfara. Saboda murna na hau mota na tafi Dauran in yi wa mahaifinsa barka.

Na tarar da su a zaman makoki. Wani dattijo ne ya rasu, Malam Jatau, tsohon malamin dabbobi na gwamnati da ya yi ritaya ya zauna a garin. Na zauna na yi ta'aziyya. Ka san yadda ake yi, kowa yana faɗin alherin mamaci. Sai Labbo da kansa ya ɗauko labarin shekarar ciwon huhu. Ya ce Malam Jatau ne ya tsaya bayan wata saniya, ya saurari tarinta, ya ce a raba garken kafin azahar. Shi ne ya hau babur da ciwon gwiwarsa har Gusau ya dawo da kula ɗaure a bayansa. Wani ya ce ai ɗanka ma ya yi ƙoƙari. Labbo ya kawar da kai ya ce yaron dai ya riƙe allura don hannun tsohon yana rawa, ya kuma yi wa dattawa bayani da Fillanci don tsohon bai iya ba sosai.

Na ƙarasa ta'aziyya na tashi. Ban yi barkar da ta kai ni ba.

Baba, ina cikin waɗanda suka je Gusau ranar da aka ƙaddamar da Shari'a, na tsaya cikin rana muna kabbara. Na sha jin huɗuba kan shaidar zur ina gyaɗa kai, ina tunanin wasu ake nufi. A ƙasan fom ɗin nan, daidai inda Alamin ya sa hannu, an rubuta cewa mai sa hannu ya tabbatar duk abin da ke ciki gaskiya ne. Ga shi an yi kuskure, an ɗora wa yaro aikin da ba nasa ba, an cire sunan tsoho tun yana da rai.

Matata Barakatu ta ce in yi shiru. Ta ce 'ya'yan wasu haya ake yi a rubuta musu ƙarya tsagwaronta, nawa kuwa rabinsa gaskiya ne. Ta ce da Malam Jatau yana raye da shi zai fara cewa a ba yaron, tunda shi ya raine shi a aikin. Shawararta in kira Alamin in ba shi takardar ya haddace, ya amsa yadda aka rubuta. Amma na san Alamin. Ranar da ya karanta ya ga an ce shi ya gane cutar, zai ninke takardar ya miƙo mini da hannu biyu, ba zai je Abuja ba. Na yi tunanin in rubuta wa kwamitin in faɗi gaskiya, sai tsoro ya kama ni kada su cire shi, kuma daga nan duk fom ɗin da ya fito daga Zamfara a riƙa kallonsa da zargi. Akwai yara tara a zaurena da ke jiran baɗi.

Saura sati huɗu a yi ganawar. In yi shiru in tura shi bai san abin da ke gabansu ba? In faɗa masa in rasa masa damar da ba za ta dawo ba? Ban yi don in cuce shi ba, Allah ya sani. Me zan yi?

Malami mai neman mafita,
Ƙaura Namoda.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Malam Jatau, ya ba mutanen Dauran haƙurin rashinsa.

Ka ce ka sauya sunaye. Ka kyauta. Amma ka bar Dauran, ka bar shanu ɗari huɗu, ka bar tsoho mai ciwon gwiwa a kan babur. Duk wanda ke cin kasuwar Zurmi zai gane mutanen nan tun bai kai tsakiyar wasiƙar ba. Shi ya sa na ba direban motar Ƙaura kwafin wannan amsa ya kawo maka, na kuma roƙi edita ya jinkirta bugawa har sati biyar. Kada Alamin ya ji labarin kansa a bakin mai sayar da jarida.

Bari mu ɗan zauna kan wannan kalma da ta kayar da kai, don ba kai ne na farko ba. A gidan da na tashi a Shinkafi, mahaifiyarmu ita kaɗai za ta yi surfe, ta yi daka, ta tuƙa, sannan ta leƙo ta ce an gama abinci. Ba mu taɓa tambaya wa ya gama ba. Wannan “an” ta kunya ce, mutum ɗaya ne a cikinta yana ɓoye. Amma in aka dawo daga gayya aka ce an nome gonar liman, wannan “an” ɗin mutum talatin ne a ciki, kuma wanda ya tashi ya ce ni na nome ya yi ƙarya. Kalma ɗaya ce, kamar babbar riga, wani lokaci mutum ɗaya ne a ciki, wani lokaci har da wanda ya raɓe a bayansa. Kai malamin Turanci ne, ka san harshen da ka fassara zuwa gare shi ba ya son irin wannan riga. Yana son a nuna mai aiki da yatsa. Sai ka nuna, ba ka ɗaga rigar ka duba ba.

Sannan shirun. Ka tambayi Bafillace a gaban tsaransa wa ya yi aiki, ya sunkuyar da kai, ka ɗauka ya ce e. Ka duba halin da ka sa shi. In ya ce ni ne, ya danne haƙƙin malaminsa. In ya ce Malam Jatau ne, ya yi ƙarya a wani ɓangaren, don shi ya riƙe allurar. In ya tsaya rarrabewa, wannan nawa wancan nasa, ya zama mai lissafa alherinsa a gaban jama'a, abin da aka hana shi tun yana bin maruƙa. Shirun nan amsa ce cikakkiya, kai ne ba ka saurare ta ba, saboda a lokacin kunnenka yana Kaduna. Ban faɗi haka don in ƙara maka ciwo ba. Niyyarka mai kyau ce, kuma zauren nan naka ya fi wasu ofisoshi amfani. Amma yaron da ke gabanka ran nan ba kai ba ne.

Maganar Barakatu ba ta banza ba ce, kada ka raina ta. Gaskiya ne wasu suna aika ƙaryar da ta fi taka, kuma suna samu. Mai yiwuwa ne da tsohon yana nan ya ce a bar wa yaron. Sai dai ba ya nan, kuma ba a karɓar kyauta daga mamaci da zato. Ko mun ajiye maganar zunubi gefe, shawararta ba za ta yi aiki ba. A cikin masu ganawar nan da wuya a rasa likitan dabbobi. Zai ce masa, ka ce kai ka gane cutar, me ka ji a tarin da ya bambanta shi da na mura? Wa ka samu a ofis a Gusau? Mutumin da ya kasa cewa “ni” a kan abin da ya yi, kana ganin zai iya cewa “ni” a kan abin da bai yi ba, mutum biyar suna kallonsa? A tambaya ta biyu zai rushe, kuma a nan ne za a kalli Zamfara da zargin da kake tsoro.

Ga abin da nake ganin za ka yi.

Ka tafi Sakkwato cikin satin nan, da ƙafarka, ba saƙo ba. Ka tafi da takardu biyun, tasa ta Hausa da taka ta Turanci. Ku keɓe, ba a gaban abokansa ba. Ka ba shi ya karanta, ka faɗa masa abin da ka ji a zaman makoki, ka nemi gafararsa. Na lura a wasiƙarka da ka zo wajen laifin sai ka ce an yi kuskure, an ɗora wa yaro, an cire sunan tsoho. To, wannan “an” ɗin mun san mutum nawa ne a cikinta. A gabansa ka ce na yi. Zai yi maka nauyi, malami a gaban ɗalibinsa, amma shi ne darasin da ka yi shekaru kana son koya musu, kuma bai taɓa ganin wani babba ya yi shi ba.

Bayan nan ku bi takardar tasa layi-layi. Kada ka sake tambayarsa wa ya yi, don shirun nan za ka sake samu. Ka tambaye shi, lokacin da ake wannan kana ina? Me ke hannunka? Wa ke tsaye kusa da kai? Da wane harshe aka yi wa dattawa magana, kuma daga bakin wa ya fito? Irin waɗannan tambayoyi mai kunya yana iya amsa su, don ba yabo ake nema ba, wuri da kaya ake tambaya. In kun gama za ku ga nasa sun fito daban, huɗu ne ko biyar, na tsohon sun fito daban. Ku rubuta shi haka, da sunan Malam Jatau a inda ya dace. Kada ka ɗauka labarin ya rage daraja. Saurayin da ya sa dattawan ruga suka yarda a raba garkensu, ya yi wa shanu ɗari huɗu allura cikin kwana uku a ƙarƙashin tsohon da hannunsa ke rawa, ba ya bukatar a ara masa babur.

In ya ce faɗin nasa ɗin ma riya ce, ka ce masa ya tambayi malaman da ya yarda da su. Ni dai abin da na fahimta, wanda aka kira aka tambaya me hannunka ya yi, shaida ake nema a wurinsa. Ƙari a shaida laifi ne, ragi ma laifi ne.

Sai wasiƙa zuwa ga kwamitin. Kai za ka rubuta ta, da sunanka, shafi ɗaya. Ka ce kai ka fassara, mai nema ya sa hannu kafin ya ga fassarar, ka fahimci wata kalma ba daidai ba, ga gyararren bayani, ga kwafin asalin da rubutun hannunsa. Kada ka yi magiya, kada ka kawo labarin jiha sabuwa da rashin mutane. Ka aika tun yanzu, shi ma ya riƙe kwafi ya shiga da shi. Amma fa sai ya yarda, don sunansa ne a kan fom ɗin. In ya ce ba zai je ba, kada ka yi masa wa'azi a ranar. Ka dawo gida, ka bar shi kwana uku, ka koma. In ta kama ka bi ta wajen Labbo, ka bi. Uban da ya kawar da kai ya ce yaron dai ya riƙe allura ya san abin da ɗansa ya yi sarai.

Ba zan ce maka za su bar shi cikin goma sha biyun ba. Suna iya cire shi, kuma in sun cire ba su yi zalunci ba. Suna kuma iya ganin cewa ga mai nema ɗaya da aka gyara takardarsa don a rage masa yabo, abin da ba su saba gani ba. Ban san wanne za su yi ba, kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani shi ne damar tasa ce, kuma yanzu haka kai kake riƙe da ita a ɓoye kana yanke masa hukunci. Ka mayar masa da abinsa ya zaɓa yana gani.

Yaran nan tara kuma, kada ka rufe musu zaure saboda wannan. Doka ɗaya za ka ƙara: ba wanda zai sake sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko da za a rufe karɓar fom gobe.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar wannan tafiya, ya sanyaya zuciyar Alamin a kanka, ya zaɓa masa abin da ya fi alheri, a Abuja ne ko a Dauran. Ka gaishe da Barakatu, ka ce mata ban ƙi maganarta don ba ta da tausayi ba.

Naka,
Baba mai filin shawara.